Taswirar da Ta Gaskata Kakata

Na fara manta sunayen ɗaliban da na koyar, wani lokaci har in tsaya a tsakar gida ina tunanin abin da ya fito da ni daga ɗaki. Amma ranar da wata tsohuwar takarda, wadda gara ta ci gefenta, ta tsaya wa kakata shaida bayan mu jininta mun gama yanke mata hukunci, wannan kam ba na jin za ta fita daga raina sai ranar da aka rufe ni. Ita ta daɗe da rasuwa, mahaifina ma ya bi ta, amma duk sanda na tuna sai in ji kamar jiya aka yi abin.

A Maikujera na tashi, cikin ƙasar Rabah, a gidan manoma gero da dawa da wake. Kakata, wadda ta haifi babana, ita ce babbar gidan. Gajeriyar mace ce mai kaifin baki. Ba a buɗe rumbu sai da saninta, kuma irin da za a shuka ita ke zaɓe da hannunta tun daga kaka, ta ɗaure zangarniyar ta rataye a ɗakinta inda hayaƙi ke bugu. Ni take kira maigidanta, irin wasan nan na jika da kaka. Duk sanda na dawo hutu daga makaranta sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce ita ba ta ga amfanin mijin da ke dawowa da littafi babu ko ƙullin goro ba.

Da ta haura shekara tamanin sai mantuwa ta fara shigarta. Wannan gaskiya ce, ba zan ɓoye ba. Takan nemi carbinta alhali yana wuyanta, takan ci tuwo an jima ta ce an hana ta abinci. Duk muka ɗauka tsufa ne, muka yi haƙuri. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne wata sabuwar magana da ta ɓullo da ita, wadda babu wanda ya taɓa ji daga bakinta.

Wata rana da hantsi tana zaune a kan tabarma, sai ta dubi babana ta ce, "Ni fa ba nan anka haihe ni ba. Tungar Kanya Uku anka haihe ni, can bakin gulbi, tsakanin Wurno da Goronyo. Uwata na can kwance. Ina son ka kai ni in gaishe ta tun ina da sauran ƙahwa."

Babana ya yi murmushi ya ce, "Inna, ai ni na ɗauki makarar mahaihiyarki da kahwaɗata. Ga kabarinta can bayan gari."

Ta ce, "Wagga da kunka binne ba ita ta haihe ni ba."

Daga ranar ba ta da wata hira sai ta tungar nan. Itatuwan kanya uku a bakin gari, rijiya, burtalin da shanun Fulani ke bi su sauka ruwa. Takan ce in sun tashi salla gulbi na gabansu, kuma sai sun shiga jirgi sun ƙetare kafin su kama hanyar kasuwar Wurno. Don in yi wa babana adalci, bai yi watsi da maganar haka kawai ba. Yana fataucin albasa, ya san kasuwannin Wurno da Goronyo kamar tafin hannunsa. Tunda ta ce sai an ƙetare ruwa, sai ya riƙa tambayar mutanen ƙetaren gulbi, masunta da manoma, tsofaffi da matasa. Babu wanda ya taɓa jin sunan. Ya dawo ya ce mana, "Babu wannan gari. Ruɗewar tsuhwa ce, Allah shi sa mu gama lahiya."

Sau biyu tana ƙulla kayanta a tsumma ta fice ba wanda ya sani. Na farko a bakin gari aka tare ta. Na biyu kuwa da bazara ne, rana na dukan ƙasa, sai bayan la'asar wani mai jaki ya kawo ta, leɓɓanta sun bushe, tafin ƙafarta ya tsage yana jini. Ta yi nisa sosai a kan hanyar da ta nufi arewa. A ranar babana ya sa kafinta ya kafa ƙyaure a ƙofar sashenta, aka sa kwaɗo. Aka kuma samo mata wata ƙwaya daga kemis wadda ke sa ta wuni tana gyangyaɗi. Babu mugunta a ciki, tsoro ne. Amma matar da ba a buɗe rumbu sai da izininta, ita ce aka koma ana buɗe wa ƙofa a miƙa mata kwano a mayar a rufe.

Ni ma ina da nawa laifin, kuma shi ya fi ci mini rai. Da na zo hutu na shiga gaishe ta, sai na ce da sigar wasan da muka saba, "Tsohuwa, yaushe za mu tahi garin naku na aljannu?" Na zaci za ta rama kamar kullum. Sai ta ɗago ta dube ni kawai, ta juya fuskarta ga bango. Tun daga ranar ba ta ƙara kirana maigidanta ba.

A lokacin ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai a Sakkwato, ina karanta labarin ƙasa. Aikin kammala karatuna a kan noman fadama ne, shi ne malaminmu ya ba ni takarda ya tura ni wani ofishin safiyo na masu awon ƙasa, ya ce in roƙa a nuna mini tsofaffin taswirorin kwarin Rima. Ban je neman tungar kakata ba. Wallahi ko tuna ta ban yi ba a hanya.

Ɗakin ajiyar yana can bayan ginin, dogo ne mai duhu-duhu, yana warin tsohuwar takarda da kashin jemage. Mai kula da shi wani dattijo ne siriri mai farin gemu, gilashinsa ɗaure da zare a gefe ɗaya. Ya karanta takardata a hankali, ya dube ni, ya ce in je in wanke hannuna tukuna. Sannan ya jawo wata faffaɗar durowa, ya ɗauko wata taswira da hannu biyu kamar mai ɗaukar jariri, ya shimfiɗa a kan tebur. An manna ta a kan ƙyalle don kada ta yage, ta yi ja saboda daɗewa, gara ta cinye kusurwa ɗaya. Ya ce tun zamanin Turawa aka zana ta, da ƙafa da doki aka auna ƙasar, kuma mutanen ƙauye ne suka riƙa faɗa wa masu awon sunan kowane wuri.

Na sha ganin taswira a aji, amma ban taɓa ganin ƙasarmu a kwance a gabana haka ba. Kowace tunga an ɗiga mata ɗigo-ɗigo gwargwadon gidajenta. Ga fadama an yi mata 'yan zane-zane kamar ciyawa, ga tafkuna, ga rijiyoyi, ga burtali ya taso daga arewa yana ratsa gonaki, ga hanyoyin ƙafa sirara kamar zaren gizo suna haɗa gari da gari. Garuruwan da na sani da kasuwa da makaranta, a nan ɗigo huɗu ne ko biyar. Wasu kuma masu ɗigo da yawa ban taɓa jin sunansu ba. Na ga Rabah, na ga Kagara, na ga Wurno da ganuwarta. Sai na ji kamar an ɗaga ni sama an mayar da ni zamanin da ko babana ba a haifa ba, ina leƙen mutane suna noma ba su san ina kallonsu ba.

Na ɗora yatsa a kan gulbi daga Wurno ina binsa sama, ina neman inda fadama ta fi faɗi saboda aikina. Sai na iso wani wuri da ruwan ya lanƙwasa kamar lauje. A cikin lanƙwasar, ta yamma da ruwan, akwai ɗigo kamar goma, da 'yan itatuwa uku da aka zana ƙanana. Rubutun ya kwanta a gefe, da irin karkataccen rubutun Hausar Bature, amma yana karantuwa sarai. Tungar Kanya Uku.

Ban san na zauna ba sai da na ji ni a kan benci. Dattijon ya ce, "Lahiya, ɗana? Mi ka gani?"

Na ba shi labari tun daga farko, har da ƙyauren da kwaɗon. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya tafi wata durowar ya ɗauko sabuwar taswira ta wannan yanki, ya shimfiɗa kusa da tsohuwar. A sabuwar babu tungar, babu lanƙwasar. Gulbin ya miƙe ta wani wuri dabam, can yamma.

Ya ce, "Babanka ƙetare yat tahi nema, ko? To ai wurin yanzu ba ƙetare shi ke ba. Gulbi ya tashi daga gabansu ya koma bayansu. Ruwa ba ya zama wuri ɗaya, ɗana, dutse ka zama. In kana neman tsohon wuri, kada ka tambayi ruwa."

Ya kawo takarda mai shara-shara ya ɗora a kan tsohuwar taswirar, ya ba ni fensir, ya tsaya a kaina har na kwafe komai. Sannan ya nuna mini abubuwa biyu da ba su gusa ba a taswirorin biyu, wani tudun dutse da wata mararraba, ya koya mini yadda zan auna daga gare su. Muka wuni a kan wannan, aikin da ya kawo ni ko taɓa shi ban yi ba.

Ranar Juma'a na kama hanyar gida. Da na nuna wa babana takardar, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya ce, "Bature ma na kuskure. Kuma ko da akwai garin, wa ya ce nan anka haihe ta? Ta yiwu a bakin wani taj ji sunan." Maganarsa ba ta rasa hujja ba. Sai na roƙe shi abu ɗaya, kada a ba ta ƙwayar nan gobe da safe, kuma kada kowa ya gaya mata abin da na zo da shi.

Washegari da hantsi aka buɗe mata, aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar dogon-yaron tsakar gida. Na durƙusa a gabanta, takardar na naɗe a aljihuna. Na ce, "Kaka, na yi miki rashin kunya kwanaki, ki yahe mani. Ina son ki gwada mani yadda tungarku take. Ki zana mani a ƙasa."

Ta daɗe tana kallona, tana auna ko wani sabon wasan ne. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki wani guntun kara, ta share ƙasa da tafin hannunta. Hannun da ke rawa in za ta kai kofi baki, sai ga shi ya ja layi ɗaya ba tsayawa, ya lanƙwasa shi kamar lauje.

"Wanga shi na gulbi. Nan mashigi, inda jirgi ka tsayawa. Kanya ɗaya, biyu, uku, ta tsakiya ta hi zaƙi. Nan burtali ya sauko. Nan tabki, da rani yakan ƙahe mu kama gaiwa a cikin laka." Ta yi ta ɗiga gidaje tana faɗin masu su, mutanen da babu wanda ya taɓa jin sunansu a gidanmu. Ta ɗiga rijiya biyu, ta ce ɗaya ta sha ce, ɗaya mai ɗaci ce ta dabbobi. A ƙarshe ta kai karan can gefe, arewa da gidajen, ta yi wani ɗan da'ira. Muryarta ta sauka. "Nan tudun da aka kai mutane. Nan Innata take."

Na fito da takardar na warware ta a ƙasa kusa da zanenta. Babana ya matso ya tsuguna. Matan gida suka bar abin da suke yi suka zagaye mu. Lanƙwasar ita ce, har inda ta fi matsewa. Itatuwa uku a inda ta sa su. Burtalin ya sauko ta inda ta ce, tafkin na inda ta ce. Bambancin kawai, taswirar rijiya ɗaya ta nuna, kuma ba ta san da tudun maƙabarta ba. Wato matar da muka kulle ta fi takardar sani.

Babana ya dubi ƙasa, ya dubi takarda, ya sake duban ƙasa. Da kyar ya ce, "Inna, wa ya gwada miki takardar ga?"

Ta ce, "Wace takarda? Ni da ban san ko alif na boko ba. Ƙahwata ta taka wurin."

A nan ne ta ba mu labarin da ta riƙe fiye da shekara saba'in. Tana 'yar shekara takwas ko tara mahaifiyarta ta rasu da rani. Damina na zuwa aka yi ruwan da ba a taɓa gani ba, gulbi ya fasa ta bayan gari, ya zagaye su, ya cinye gonaki. Mutanen tungar suka watse, kowa ya nufi inda yake da dangi. Mahaifinta bai daɗe ba shi ma ya rasu. Gwaggonta, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ita ta goyo ta har Maikujera, ta ce mata daga yau ni ce uwarki.

Babana ya ce, "To don mi ba ki taɓa hwaɗa muna ba?"

Ta ce, "Matar da ta riƙe ni da hannu biyu, ta aurar da ni, ta yi mani wankan jegonka? Da wane baki zan ce ba ita ta haihe ni ba? Da tana raye na yi mata kara. Da ta rasu na ce mi a amfani. Sai yanzu da nika jin tahiya ta matso, na tuna akwai wadda ban taɓa zuwa na gaishe ba."

Babana ya tashi ya shiga ɗakinsa, ya daɗe bai fito ba. Da ya fito sai ya aika a nemo masa mai a-kori-kura.

Bayan kwana uku muka tafi, ni da shi da ita, tun da sassafe. Lokacin rani ne, ana tsakiyar cirar albasa. Muka ratsa ta Wurno muka kama hanyar Goronyo, har mararrabar da dattijon ya nuna mini. A nan mota ta ce ba ta iya shiga fadama, sai muka samu amalanken shanu muka shimfiɗa mata katifa a kai, babana na riƙe mata da lema. Ni ne a gaba da takarda a hannu, ina tafiya ina ji da kaina kamar ni na auna ƙasar.

Ba a jima ba girman kan ya zube. A kan tebur komai a fili yake, amma a cikin fadama ko'ina iri ɗaya ne. Fangalin albasa da tafarnuwa har iyakar gani, injinan ban-ruwa na ta ƙara, babu itacen kanya ko ɗaya, babu alamar an taɓa kafa bukka. Tudun dutsen da zan auna da shi ina hango shi, amma na kasa sanin ko mun wuce ko ba mu kai ba. Muka yi gaba muka dawo, muka sake yin gaba. Rana ta take tsaka. Na je gefen amalanken na ce, "Kaka, kin gane wani abu?"

Ta duba gabas ta duba yamma, ta ce a hankali, "Ban san wurin ga ba."

Na ɗauko tsohuwa mai rauni na kawo ta cikin wannan rana, na tayar mata da begen da ƙila da na bar shi ya kwanta.

Can muka hangi wani manomi, dattijo ne shi ma amma da sauran ƙarfinsa, yana ɗora wa raƙumi buhunan albasa. Babana ya yi masa sallama, suka gaisa, ya tambaye shi Tungar Kanya Uku. Mutumin ya girgiza kai ya ce shi nan aka haife shi, babu wata tunga a wajen nan. Har mun juya sai ya ce, "Amma tsaya. Ƙasar can ta wajen tudu, Kanya muka ce mata. Gonata na can. Ni dai ban taɓa ganin kanya a wurin ba, haka munka taras ana hwaɗi."

Ya bar raƙuminsa a durƙushe ya shige mana gaba. Tafiyar ba ta da nisa, ashe sau biyu muna wucewa ta gefen wurin. Wani ɗan tudu ne wanda ba za ka ce tudu ba ne sai ka hau shi. Da muka hau na juya na dubi gabas, sai na tsaya cak.

A tsakiyar ƙasar da ta bushe ta yi fari, ga wani kore shar ya taso daga arewa, ya lanƙwaso ya zagaye gaban tudun, ya wuce kudu. Shinkafa ce aka shuka a cikin wani dogon kwari mai faɗi. Manomin ya ce Matacciya suke kiran kwarin, ko da rani ka tona kamu ɗaya sai ka tarar da danshi. Na ɗaga takardata sama da hannu biyu, rana na ratsa ta, na daidaita layin fensir da koren nan. Suka hau kan juna kamar an auna. Gulbin da ya tashi tun kakata na yarinya, ashe bai tafi da sawunsa ba. Yana nan kwance, mutane na noma a cikinsa, suna cin albarkarsa, ba su san jirgi ya taɓa yawo a inda suke tsaye ba. Na dubi ƙasan ƙafata, sai na ga tsingaro ko'ina, fasassun tukwane jajaye da baƙaƙe da garma ta tono. Na ɗauki ɗaya, har da zanen da maginiyar ta yi masa a baki.

Kakata ta ce a sauke ta. Babana ya riƙe ta ta tsaya, ta fuskanci koren nan. Sai ta ɗaga hannu ta nuna. "Mashigi can. Kanya nan, nan, da nan." Ta juya da kanta, ba wanda ya nuna mata, ta fuskanci arewa. "Ku kai ni can."

Inda ta nuna wani ɗan fili ne a ƙarshen tudun, bai fi girman tsakar gida ba, sabara da geza sun rufe shi, gonaki sun zagaye shi ta ko'ina amma babu kunya ko ɗaya da ta shiga cikinsa. Manomin ya dube ta, ya dubi babana. Ya ce, "Wurin ga ba mu noma shi. Mahaihina ya ce mani akwai bayin Allah kwance, kada in kuskura in sa garma. Shi ma haka nasa uban ya hwaɗa mai. Amma ba mu san ko su wa ne ba. Yau shekara nawa ina kewaye shi, ban taɓa ganin wanda ya zo don su ba."

Babu alamar kabari ko ɗaya, ƙasa ta daɗe da shafe su. Ta zauna a bakin filin ta miƙe ƙafafunta, ta ɗora tafin hannunta a ƙasa. Ta yi sallama irin wadda ake yi wa mutanen kabari. Sannan da wata murya da ban taɓa ji daga gare ta ba, siririya kamar ta yarinya, ta ce, "Inna, ni ta. Na daɗe ban zo ba. Ga ɗana, ga jikana. Gwaggo ta riƙe ni da kyau, kada ki damu."

Babana mutum ne da ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne ƙanensa. A ranar ya durƙusa a bayanta ya rufe fuska da hular kansa, kafaɗunsa na rawa. Sannan ya ce, "Inna, na kulle ki a kan gaskiyarki. Ki yahe mani." Ba ta juyo ba, ta miƙa hannu baya ta dafa kansa ta ce, "Tsoro ka ji. Tashi ka yi wa kakarka addu'a, ba ta taɓa jin muryarka ba."

Muka yi addu'a mu huɗu. Lokacin azahar ya yi, manomin ya kawo ruwa daga bakin injinsa muka yi alwala, babana ya ja mu salla a kan tudun, ita tana zaune a baya. Da na ɗago daga sujada, koren kwarin nan ne shimfiɗe a gabanmu, daidai alƙibla, kamar yadda ta yi ta faɗa muna cewa ruɗewa ce. Kafin mu tafi manomin ya cika mana amalanke da albasa, ya ce zai kewaye filin da ƙaya, tunda yanzu ya san masu shi.

A daren ba a rufe ƙofarta ba, washegari kuma babana ya cire ƙyauren da hannunsa. Aka daina ba ta ƙwayar. Ba zan ce ta warke ba, mantuwar ta ci gaba, har ta kai wani lokaci ba ta gane matan gidan. Amma ba ta ƙara ƙulla kaya ta nufi hanya ba, ko sau ɗaya. Ta ƙara damina biyu a duniya, ta rasu a ɗakinta cikin natsuwa.

Na koma na yi wa dattijon ofishin safiyo godiya. Ya saurari labarin yana goge gilashinsa. Ya ce shekara talatin yana gadin takardun nan, bai taɓa taka ko ɗaya daga cikin wuraren da ke cikinsu ba. Ya sa na zana masa rijiya ta biyu da tudun maƙabarta a wata 'yar takarda, ya rubuta a ƙasa cewa daga bakin wadda aka haifa a wurin aka samo, ya maƙala ta a jikin tsohuwar taswirar ya mayar durowa.

Yau hanyar nan ba ta biyuwa yadda muka bi ta. 'Yan bindiga sun tayar da ƙauyuka da dama a wajen Shinaka da gabashin Goronyo, wasu tungayen sun zama kufai a kan idonmu. A ajin da nake koyarwa akwai yaran da aka gudo da su a goye. Nakan dube su in ce a raina, wata rana ɗaya daga cikinsu za ta tsufa a wani gari mai nisa, ta ce ita ba a nan aka haife ta ba, jikokinta su yi dariya. Shi ya sa duk shekara nakan ba su aikin gida ɗaya, kowa ya je ya zauna gaban tsohon gidansu, ya roƙe shi ya zana garinsu a ƙasa, shi kuma ya kwafe a takarda ya rubuta sunan kowace rijiya da kowace gona.

Abin da na koya shi ne, don mutum ya fara mantuwa ba shi ke nuna duk abin da ya tuna ƙarya ba ne. Mu ne iliminmu bai wuce abin da idonmu ya tarar ba, muka ɗauka yadda muka ga duniya haka take tun fil azal, alhali gulbi ma yakan sauya makwanci. Kakata ta yi sa'a wani ya auna ƙasarsu ya rubuta, wani ya yi gadin takardar, wani kuma ya hana garmarsa shiga inda bai san ko su wa ke kwance ba. Yawancin tsofaffinmu ba su da takardar da za ta tsaya musu. Shaidarsu ɗaya ita ce mu, in mun yarda mun durƙusa mun saurara tun bakin yana iya magana.